Goshin da Bai Jiƙe Ba

Babana mai gyaran famfo ne, kuma ya yi shekara talatin da huɗu yana dikin, wato mai hidimar ikilisiya, a cocinmu na Baftis. A ayyukan nan biyu ra'ayinsa ɗaya ne: abu ko dai ya toshe ƙam ko kuwa yana yoyo, babu tsaka-tsaki. Idan mai gida ya ce masa, "Ai ɗan ɗiga kawai yake yi," sai Baba ya ajiye sufana ya ce, "Ɗiga da ambaliya uwarsu ɗaya." Gajere ne mai faɗin hannu, kullum da warin gam ɗin bututu a rigarsa. In ya je gaisuwa gidan mutum, kafin ya gama tambayar iyali kunnensa ya riga ya shiga banɗaki yana sauraren tanki. Famfon kicin ɗinmu bai taɓa ɗiga ba tun da nake. Ya yi masa ɗaurin da sai Mama ta sa hannu biyu take iya buɗewa, ta kuma yi shekaru tana buɗewa da hannu biyun ba ta ce komai ba.

Wanda bai san cocinmu ba, dokoki biyu kawai yake bukatar sani. Ta farko: baftisma ita ce a nutsar da mutum cikin ruwa gaba ɗayansa, bayan ya yi wayo ya ba da gaskiya da bakinsa. Abin da aka yi wa jariri da ɗigon ruwa a ka, muna girmama niyyar iyayensa, amma ba mu kiransa baftisma. Ta biyu: Jibin Ubangiji, wato gutsuren gurasa da ɗan kofin ruwan inabi da ake rabawa Lahadin farko na kowane wata, na 'ya'yan ikilisiyar ne kaɗai, waɗanda aka nutsar. Akwai wasu coci-cocin Baftis da suka sassauta wannan. Namu ba ya cikinsu, yana kuma alfahari da hakan ƙasa-ƙasa, yadda ya dace da masu tawali'u. Saboda haka a wurinmu ba a miƙa tire hannu zuwa hannu. Dikin ne ke riƙe da shi, ya bi tsakanin bencina, ya sauke shi a gaban wanda ya cancanta, ya ɗaga shi ya wuce wanda bai cancanta ba. Kafin a fara, fasto yakan ce, "Baƙinmu da sauran 'yan'uwa da ba a nutsar ba, muna ƙaunarku ƙwarai. Ku zauna ku yi addu'a tare da mu."

"Sau goma sha biyu a shekara ake sanar da ni ana ƙaunata," in ji Mama. "Mata nawa ne suka samu haka?"

Mama ungozoma ce a ƙaramin asibitin unguwa. Rabin waɗanda ke cin Jibi a gabanta, ita ta fara yi musu wanka a duniya. An yi mata baftisma tana da sati shida, a wani coci na masu yayyafi. Mahaifinta ne ya riƙe ta a ranar, bai kuma kai ga ganin ta fara tafiya ba ya rasu. Abin da ya bar mata duka-duka katin baftismar ne, da sa hannunsa a ƙasa, rubutun wanda ya koyi riƙe alƙalami da girma. A ɗakin haihuwa suka haɗu da Baba: bututu ya fashe, shi yana ɗaurewa, ita tana tare ruwa da bokiti tana gaya masa yadda ake aikinsa. Kafin aure ya ce mata, "In kin shirya sai ki shiga ruwa." Ta ce, "In na shirya zan gaya maka." Kowa ya tafi yana ganin an daidaita. Ta bi shi cocinsa, ta zauna a bakin benci na huɗu, ɓangaren hagu, ba ta kuma sake wuri ba.

Fastoci huɗu muka yi a zamanin Baba, kowanne ya zo gidanmu da niyyar shi ne zai shawo kanta. Dukkansu mutanen kirki ne, dukkansu kuma a jumla ɗaya suka yi tuntuɓe.

"Mama, ba sake baftisma za a yi miki ba. Wannan ce ta farko. Waccan ai ba baftisma ba ce."

"To me ubana ya kai ni yi? Wanka? Muna da ruwa a gida, Fasto."

Daga nan sai ta ƙara masa shayi.

Ɓangaren hagu shi ne rabon Baba wajen raba Jibi. Da ya so, da ya yi musaya da dikin na dama, ba wanda zai ce uffan. Ya ƙi. A ganinsa wanda ya yarda da doka ba ya aika wani ya cika ta a kan iyalinsa. Don haka duk wata, in ya iso benci na huɗu, Mama takan janye gwiwoyinta gefe don ya samu hanya, shi kuma ya ɗaga tire ya wuce yana kallon bango. Ranar da na fara cin Jibi, ina ɗan shekara goma sha huɗu, kusa da ita nake zaune. Ta gyara min wuyan riga kafin tire ya iso, ta mai da hannu kan jakarta. A gida ba su taɓa tayar da zancen a gabanmu ba. Abin da kawai muka lura shi ne, a irin waɗannan ranakun Baba ba ya gama abincin rana. Sai ya tashi ya je ya kwance wani abu da bai lalace ba ya sake ɗaurewa.

Bayan mumbari, ƙarƙashin katakon dandamali, akwai tankin siminti mai matakala huɗu. A nan ake baftisma. Baba ne ya ja masa bututu, shi ke cika shi, shi ke kwashe shi, shi kuma ke tsayawa a bakin matakala da tawul. A jikin bangon tankin ya ja ɗan gajeren layi da jan fenti. Layin ba ado ba ne. Fastonmu na lokacin tsoho ne mai ciwon baya, akwai iyakar inda yake iya sunkuyawa. Baba ya auna wannan iyakar, ya san in ruwa ya kai layin, duk wanda fasto ya kwantar zai shige gaba ɗaya.

Wata shekara tankin ya tsage a kusurwa. Baba ya liƙe tsagar ranar Juma'a, ya cika tankin ranar Asabar tun simintin bai gama kamawa ba, don yana da wani aiki a wani gidan bene da yake son gamawa. Da safiyar Lahadi ya ɗaga katako ya ga ruwa ya sauka ƙasa da layi taƙi guda. Ya murɗa famfo, famfo ya yi tari ya yi shiru, an ɗauke ruwa. Da ya faɗa wa fasto, da an sa matasa sun kawo bokiti ashirin, a jinkirta sujada rabin awa, shi ke nan. Amma sai ya faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne aikin mutumin da ya cika unguwa da cewa aikinsa ba ya yoyo ya yi yoyo. Ya ɗauki tawul ɗaya ya rataye a bakin tankin, daidai inda zai rufe layin.

Mutum bakwai aka yi wa baftisma a ranar. Shida samari ne da 'yan mata marasa tsayi, suka shige lafiya. Na bakwai shi ne Dogon Tela, mai shago a kan hanyar gidanmu, mutumin da sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa. Mashayi ne a da. Ya zo gaban jama'a yana kuka ya ce ya gaji, yana so ya fara daga farko. Fasto ya cire tabarau, ya rufe ido kamar yadda ya saba, ya kwantar da shi, bayansa ya tsaya inda ya saba tsayawa. Tela kuma, don tsoron ruwa, ya manna haɓa a ƙirji ya runtse ido. Ruwa ya kai masa gira ya tsaya. Daga benci ba a ganin cikin tanki. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga goshin Tela da gaban gashinsa, faɗin tafin hannu, sun rage a sama a bushe.

Kafin Tela ya gama miƙewa Baba ya riga ya jefa masa tawul a ka, yana goge busasshen wuri da ƙarfi kamar mai kankare tukunya. Mawaƙa suka ɗauki waƙa. Tela ya rungume shi a jiƙe ya ce, "Dikin, yau aka haife ni."

Ina cocin a ranar, ban ga komai ba. Sai bayan shekara ashirin da shida na ji labarin. A cikin shekarun nan Tela bai sake taɓa kwalba ba. Shi ya ɗinka labulen mumbari da fararen rigunan baftisma, bai kuma fasa Jibi ko sau ɗaya ba. Baba ya dinga zuwa shagonsa yana gyara masa famfo ba a kira shi ba, har Tela ya ɗauka abota ce. A ƙarshe ma abotar ce, abin da ya ƙara dagula lamarin ke nan. Duk wata Baba yakan sauke wa Tela tire a benci na uku, ya ɗaga shi a benci na huɗu. Ni malamin lissafi ne, na taɓa ƙirgawa: sau ɗari uku da goma sha biyu.

Rashin lafiyar Mama ce ta fasa ƙwai. Bayan ta yi ritaya hawan jini ya kwantar da ita sati biyu a asibiti. Wata rana da hantsi wani faston cocin masu yayyafi ya shigo ɗakin da ɗan akwatinsa, yana ba marasa lafiyarsu Jibi a kan gado. Ya san ta, don ita ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku.

"Mama, ke ma ai tamu ce. In ba ki?"

"Na gode, ranka ya daɗe. Ni inda maigidana ke rabawa nake jira."

"Ai kin daɗe kina jira."

"Sana'ata ce. Wata tara na saba, wannan dai ya ɗan zarce."

Ba ta san Baba yana ɗakin ba. Yana kwance ƙarƙashin wurin wanke hannu, bayan labule, yana gyara wani yoyo da ba wanda ya sa shi.

Washegari ya zo makarantar da nake koyarwa, lokacin hutu. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba. Ya ƙi shiga ofishin malamai, muka tsaya a bayan aji kusa da tankin ruwa, inda ya fi sakewa. Ya ba ni labarin goshin Tela daga farko har ƙarshe, yana kallon bututu, ba ni ba.

"Shekara ashirin da shida ina ba wanda na san bai nutse ba, ina hana uwarka. Shi don in rufe aikina, ita don in cika doka. Kai da ka yi karatu, me ake kiran wannan?"

Da ina da hankali, da na ce masa ya koma asibiti ya zauna kusa da matarsa. Amma ni karatu gare ni. Nan take na ga hujja ta miƙe a gabana kamar an ja ta da rula. Ga mutum bai nutse duka ba, ya ci Jibi shekara ashirin da shida, rufin coci bai faɗo ba, kuma duk ikilisiya ba wanda ya kai shi riƙon gaskiya. Wa zai iya tashi ya ce Tela ba ɗan ikilisiya ba ne? Babu. In kuwa an yarda da wanda tafin hannu ya rage masa, an yarda ke nan ba yawan ruwa ne magana ba. In ba yawan ruwa ba ne, ƙofa ta buɗe wa Mama. Na zana masa a jikin bango da alli, har da kibiya.

"Dole sai an faɗi sunan Dogo?" in ji Baba.

"Hujja ba ta tsayuwa sai da misali, Baba."

Ya ce to. Ya jira har aka tashi, muka koma tare, muka bi ta gaban shagon Tela. Yana kan keken ɗinki, tef a wuya, ya ɗago mana hannu ya ce, "Dikin! Malam! Ya jikin Ungozoma?" Muka ce da sauƙi. Ba wanda ya tsaya a cikinmu. Sati uku ne tsakanin ranar da taron ikilisiya, kuma kullum ta nan muke bi.

A cocin Baftis babu wani babba daga nesa da ke yanke hukunci. Taron 'ya'yan ikilisiya ne ke yanke komai da ɗaga hannu. Bayan sujada ake yinsa, kowa da yunwa, shi ya sa ba ya cika daɗewa. Mama ba ta da ƙuri'a, ta tafi gida. Da aka gama zancen fentin bango, Baba ya miƙe, hula a hannu, ya faɗi komai. Bai rage wa kansa ko ɗigo ba: simintin, tawul ɗin da ya rataye, tawul ɗin da ya jefa. Da ya ambaci wanda abin ya shafa, duk wuyoyi suka juya benci na uku.

Tela ya fara dariya, ya ɗauka wasa ne. Sa'an nan ya kai hannu ya taɓa goshinsa.

Tsohon Hedimasta, wanda ya fi kowa daɗewa cikin dikinoni, ya ɗaga hannu. "Faɗin nawa ka ce?"

"Tafin hannu."

"Naka ko na mutane?"

"Nawa."

"Ikon Allah," in ji Hedimasta, ya rubuta.

Wata uwa daga baya ta ce in dai gashi ne, ai gashin ya riga ya zube da kansa, shari'a ta ƙare. Aka yi dariya, aka kuma ji kunyar dariyar. Tela ya miƙe, tsayinsa duka.

"Jama'a, ni fa ina wurin. Na sha ruwan nan ta hanci. Kwana biyu ina jin siminti a maƙogwaro."

Da Baba aka fara. Fastonmu na yanzu matashi ne mai karatu da tsoron Allah. Ya ce laifin babba ne amma an furta shi da baki, kuma yoyon tanki ba karkatacciyar koyarwa ba ce. Aka ɗaga hannu, aka gafarta masa. Ba na jin an yi minti biyar. Har wasu suka tafa.

Sai na miƙe da hujjata. Na faɗe ta mataki-mataki, yadda nake yi wa 'yan ajin ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Fasto ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Malam ya yi gaskiya," in ji shi. "Babu bambanci tsakanin Baba Tela da Mama Ungozoma."

Na dubi Baba, na ɗan yi murmushi.

"Baftisma binnewa ce da tashi," Fasto ya ci gaba, a hankali, don ba mugu ba ne. "Ba wanda ke binne ɗan'uwansa ya bar goshi a waje ya ce ya gama. Ba laifin Baba Tela ba ne ko kaɗan. Amma abin da ba a yi ba, ba a yi ba. In muka ce tafin hannu ba komai, gobe wani zai ce kamu ɗaya ba komai, wata rana a ce ɗigo ya isa. Shawarata, ya dakata da teburi har a kammala masa."

Hujjata ce, ba a canza mata ko harafi ba. An dai bi ta ɗaya ƙofar ne, ni kuwa ban taɓa lura tana da ƙofa biyu ba. Hedimasta ya tambaya ko ƙuri'un da Tela ya kaɗa a shekarun nan suna nan daram, har da wadda aka ɗauki Fasto da ita da rinjayen mutum ɗaya. Fasto ya ce wannan sai wani zaman. Aka ɗaga hannu: arba'in da ɗaya sun yarda, goma sha tara sun ƙi. Tela yana cikin masu ƙin, hannunsa ya fi na kowa tsawo. Magatakarda ya dube shi, ya dubi Fasto, ya rubuta goma sha takwas.

Tela yana da ciwon ƙirji, likita ya hana shi ruwan sanyi. Baba ya ɗauka nan matsalar take, domin irin matsalar da ya iya ke nan. Ya yi kwana huɗu cikin tanki, ya sa hita mai ɗumama ruwa, ya kafa ƙarfen riƙewa a matakala. Sa'an nan ya ce in raka shi shagon. Na raka shi, don ba ni da fuskar ƙi.

Tela bai tsayar da keke ba.

"Na sa hita," in ji Baba. "Ruwan kamar na wankan jariri."

"Sannu da aiki."

"Minti ɗaya ne, Dogo. Ni zan tsaya da kaina."

"Ai wancan ma kai ka tsaya." Keken ya tsaya. "Dikin, ba sanyi ne ya hana ni ba. Ranar nan na shiga ruwa da ƙishirwar kwalba, na fito babu ita, har yau. Wa ya cire min? Simintinka? In na sake shiga, na ce wa Allah wancan aikin nasa bai kama ba ke nan. Ni tela ne. In ɗinki ya riƙe shekara ashirin da shida, ba na farke shi don wani ya zo ya ce zare ya gaza."

"Doka ce, Dogo."

"Da ka ga goshin a waje, me ya hana ka ɗebo ruwa da wannan shebur ɗin hannun naka ka watsa min?"

Baba ya ɗago a firgice. "Ai wannan yayyafi ne."

Tela ya juyo kaina. "Malam, kai ka kawo lissafin ko? Shagon nan ƙofarsa a buɗe take wuni. Kullum kuna wucewa kuna gaishe ni." Ya taka keke. Muka yi ta tsayuwa har wata mata ta zo karɓar ɗinki ta raba mu da wurin.

Lahadin farko na watan da ya biyo, Tela ya tsallake bencinsa ya tsaya a bakin na huɗu.

"Matsa min, Ungozoma. Ni ma yau za a ƙaunace ni."

"Zauna, ƙanena," in ji Mama, ta matsa ciki. "Shekara goman farko ne masu wuya."

Wata biyu Tela yana naɗe hannu a ƙirji, Baba yana wuce su biyun. Ya roƙi a sauke shi daga rabon Jibi, taro ya ƙi, aka ce wanda aka gafarta wa ba ya hukunta kansa. A wata na uku, ina benci na shida ina kallo, Baba ya iso da tiren gurasa, sai Tela ya miƙa hannu. Dogon hannu, tafi a buɗe, a tsakiyar hanya. Bai yi raɗa ba, don bai iya raɗa ba.

"Dikin, hannun nan dai ya nutse. Kai ne shaida."

Mai fiyano ya rasa inda yake. Baba ya dubi hannun, hannun da ya ɗinka kwat ɗin da ke jikinsa, ya sauke tire. Tela ya ɗauki gutsure ya rufe ido.

Mama ce ta gaba. Hannayenta na kan jaka, gwiwoyinta a janye gefe tun kafin ya iso, kamar kullum. Tiren yana ƙasa, daidai gabanta. Baba ya tsaya. Na ƙirga a zuci, don hali ne: ɗaya, biyu, uku. Ya ɗaga tire ya wuce.

Da ya iso benci na shida ya sauke min. Na ɗauka na ci. Ina faɗin wannan ne don kada a ce na manta.

Mama ta riga mu gida. Tana kicin tana yanka albasa lokacin da muka shigo. Baba ya tsaya a bakin ƙofa da kwat ɗinsa.

"Ashe hannunka yana saukowa, Dikin," in ji ta, ba ta juyo ba. A gida ba ta taɓa kiransa Dikin ba.

"Shi ya miƙo hannu."

"Na gani."

"Ke ba ki miƙo ba. Da kin miƙo..."

"Da na miƙo." Ta ajiye wuƙa. "Shekara arba'in da ɗaya ina zuba maka abinci. Ka taɓa miƙo hannu kafin in zuba?"

Ta juyo ta dube shi.

"Ba na jin haushin Tela. Gara da ka ba shi, nasa ne. Dokar ma ba na jin haushinta, na same ka da ita, na aure ku tare. Da ka riƙe ta har kabari, da na ce mijina dutse ne, ba a kuwa jin haushin dutse. Amma yau na ga kana iyawa." Ta sake ɗaukar wuƙa. "Cire kwat ɗin nan, albasa za ta kama shi."

A cikin makon, taro ya sauke Baba daga aikin dikin, ya dakatar da shi daga teburi wata uku. Wannan karon ba wanda ya tafa. Tela aka bar shi yadda yake, aka rubuta cewa abin da ya ci ya ci ne bisa kuskure. Bai sake miƙa hannu ba, bai kuma bar coci ba. Ya ce labulen nasa ne, ba zai bar wa wani ya ɓata masa shi da guga ba. Ni na rubuta takarda mai shafi huɗu ina gyara hujjata don in kai wa taro. Mama ta karanta shafin farko, ta ce in taimake ta in bar ta haka.

Yanzu su uku ne a benci na huɗu: Tela a baki saboda ƙafafunsa, sai Mama, sai Baba. Da wata ukun suka cika, sabon dikin ya iso da tire, ya ɗaga shi ya wuce Tela, ya wuce Mama, ya sauke a gaban Baba. Baba ya girgiza kai. Ya daɗe da shirya wannan, ina jin shi kaɗai ne abin da ya rage masa ya bayar.

"Ɗauki," in ji Mama ƙasa-ƙasa.

"Ba zan ci ba sai..."

"Ɗauki, Baban yara. Kai ka yarda da dokar, ni ban yarda ba. Kada ka ɗora min yunwarka a kan tawa."

Dikin yana tsaye da tire, jama'a na jira. Baba ya ɗauka. Gutsuren bai kai kan ɗan yatsa ba, amma har aka zo da kofuna yana taunawa.